Daga Unguwa Zuwa Allo: Koyar da Zamantakewa a Ƙaramar Sakandare

[Kiɗan buɗe shiri]

Yau maganarmu a kan darasi guda ce cikin darussan ƙaramar sakandare, wato Nazarin Zamantakewa, wanda yara kan kira soshiyal. Malaman wannan darasi su ne abokan hirata na farko, amma iyaye kada ku tashi daga gindin rediyo, domin akwai rabonku a ciki.

Duk wanda ya san azuzuwanmu ya san yadda aka saba. Malami ya shigo aji ɗaya, ya juya wa yara baya, ya cika allo da Turanci: ma'anar iyali, ire-iren iyali, ayyukan iyali guda biyar. Yara su duƙufa kwafa har a buga ƙararrawa. To, cikin masu kwafar nan akwai yarinyar da ta fito daga gida mai sassa huɗu. Kakanta na zaure, baffanninta kowa da sashensa, gwaggonta da aurenta ya mutu ta dawo ɗakin tsohuwa, ga ɗan riƙo, ga almajirin gida. Yarinyar nan ta san wanda ake fara gaisarwa da safe, ta san ranar girkin kowace mata, ta san wanda ake kai wa ƙara idan 'yan'uwa sun saɓa, ta san wanda ke tsayawa idan za a karɓi sadaki. A zaunar da ita ana karanta mata ma'anar iyali ba tare da an tambaye ta komai ba, daidai yake da kwatanta wa ɗan gari hanyar gidansu. Za ta haddace, ta rubuta a jarrabawa, ta manta, kuma har ta gama aji uku ba za ta taɓa gane cewa maganar gidansu ake yi ba.

Wannan shi ne abin da ya raba darasin zamantakewa da sauran. A lissafi ko kimiyya, yawancin abin da za a koya malami ne ke zuwa da shi. A nan kuwa yaro ya shigo da rabin darasin a kansa, daga gida da kasuwa da masallaci ko coci da bakin titi. Aikin malami shi ne ya fito da wannan rabin, ya tsara shi, ya gwada shi, ya faɗaɗa shi har ya kai ga jiha da ƙasa da duniya. Malamin da ya tsallake wannan ya tafi kai tsaye ga rubutun allo, ya bar abin da ya fi kowane littafi amfani yana zaune a kan benci.

Waɗanda suka kawo darasin ma abin da suka nufa ke nan. A sakandaren zamanin Turawa ana koyar da tarihi daban, labarin ƙasa daban, kuma saboda jarrabawar daga Ingila take zuwa, yaro kan san sarakunan Ingila da kogunanta fiye da na ƙasarsa. Bayan samun 'yancin kai aka fara neman gyara. A 1963 aka buɗe makarantar sakandare ta Aiyetoro, a jihar Ogun ta yanzu, kuma tana cikin wuraren farko da aka gwada haɗa waɗannan fannoni su zama darasi ɗaya mai duba mutum da muhallinsa. A 1968 wakilan ƙasashen Afirka goma sha ɗaya, har da Najeriya, suka taru a Mombasa ta ƙasar Kenya, suka amince a ciyar da darasin gaba. A 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka yi babban taron manhajar karatu na ƙasa a Legas. Ku lura da lokacin, jama'a. Mutanen da suka zauna a taron nan suna ganin 'yan ƙasa ɗaya suna kashe juna, saboda haka tambayar yadda za a tarbiyyantar da yaron da zai iya zama da wanda ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, tambaya ce ta rai da mutuwa a wurinsu. Daga nan aka samu Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977, sannan tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982, wanda ya haifar da ƙaramar sakandare kamar yadda muka san ta, da wannan darasi cikin na dole.

Manhajar ta sha garambawul tun daga lokacin. An taɓa haɗa darasin a rukuni ɗaya da ilimin zama ɗan ƙasa da ilimin tsaro. An cire tarihi daga matsayin darasi mai zaman kansa sama da shekara goma, abin da har yau nake ganin babbar asara ce, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Ba zan daɗe a nan ba. Ko wane suna aka rubuta a jadawali, abin da ke faruwa cikin minti arba'in ɗin nan yana hannun malami.

Abu ɗaya dai nake so mu riƙe. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Yara da yawa a garuruwanmu daga aji uku karatun boko ya ƙare, wani ya tafi koyon sana'a, wani kasuwa, wata ɗakin miji. Yaron da ke aji uku yau yana da shekara goma sha huɗu ko sha biyar, nan da shekara uku ko huɗu zai isa yin rajistar zaɓe. Ga da yawansu, wannan aji shi ne wuri na ƙarshe da wani zai zaunar da su ya yi musu bayanin yadda ƙasa ke tafiya.

Bari mu ɗauki Kano mu ga yadda darasi zai iya kasancewa, tunda manhaja ta ce a koyar da al'adu da cuɗanyar al'umma da haɗin kan ƙasa.

Malama ta shigo, maimakon ma'ana sai ta rubuta sunayen unguwanni a allo: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi, Madabo, Sharifai. Ta juyo ta ce, wa ya san inda waɗannan suke? Hannuwa za su tashi, domin wani a can aka haife shi, wata a can kakarta take. Sai ta ce, to su wa suka fara zama a wurin, kuma me ya kawo su? Ukun farko yara za su gano da kansu. Ayagi sai ta taimaka musu, ta gaya musu unguwa ce da Yarbawa 'yan kasuwa suka zauna tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. Madabo ta malamai ce, tana da alaƙa da Wangarawan da tarihin Kano ya ce sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Sharifai kuwa ana danganta ta da zuwan Shehu Magili a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma Rumfan ne ya kafa kasuwar Kurmi.

Da an ambaci Kurmi, amsar tambaya ta biyu ta fito. Kasuwa ce da ilimi suka tara mutanen nan. Sai malama ta zana da'ira a tsakiyar allo, ta ce ga Kano, ta riƙa jan layi yara suna faɗa. Gishiri da kanwa daga arewa a bayan raƙuma. Goro daga Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu, a hannun fatake irin Agalawa da Tokarawa, tafiyar watanni da jakuna. Baƙin rini da jan fata daga Kano zuwa cikin Sahara har Tarabulus. Idan ta ƙara layi ɗaya daga kudu ta ce wannan layin dogo ne, ya iso a 1911, ba da daɗewa ba aka kafa Sabon Gari, to yara sun ga cewa zuwan Ibo da sauran mutanen kudu ci gaban wani dogon labari ne da aka fara ɗaruruwan shekaru kafin jirgin ƙasa.

A nan ne malama za ta jefa tambayar da ta shirya darasin dominta: to wane ne baƙo a Kano? Ta yi shiru, ta bar su su yi gardama. Wani zai ce wanda ba a nan aka haife shi ba, sai a nuna masa ɗan ajinsu da aka haifa a asibitin Murtala amma mahaifinsa daga Inugu ya zo. Wani zai ce wanda kakansa ba ɗan nan ba ne, sai rabin ajin su fara duban juna. Ba sai sun cimma matsaya ba. Idan gardamar ta nuna, sai ta karanta musu abin da sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada, cewa kowane ɗan Najeriya yana da 'yancin zirga-zirga da zama a ko'ina cikin ƙasar, da sashe na 42 da ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin da ya fito. Yaron da ya ji waɗannan sassa bayan ya yi gumi a gardama zai riƙe su. Da an rubuta su a allo tun farko, da sun bi sahun sauran abin kwafa.

Aikin gida kuma ba ya buƙatar littafi: je ka tambayi kakarka ko wani dattijo a gidanku, daga ina kakanninmu suka zo, wace sana'a suka yi, me ya zaunar da su a nan? Amma malamai ku yi hattara a wannan gaɓa. Maganar asali tana da kaifi a ƙasar Hausa. Akwai gidajen da ba sa son a tono ta, akwai sana'o'in gado da har yau wasu ke yi wa gori, akwai yaron da bai san mahaifinsa ba, akwai maraya. Kada a tilasta wa kowa tashi ya faɗi nasa. A ba yaro zaɓi, ko labarin gidansu, ko na unguwarsu, ko na masallacin layinsu, ko na wata tsohuwar rijiya. Kuma tun kafin a fara, malami ya kafa doka cewa duk wanda ya mayar da labarin wani abin tsokana ya saɓa wa darasin kansa. Idan malami ya san ba zai iya tsare wannan doka ba, gara ya bar aikin.

Malamin ƙauye kada ya ce ai ni ba ni da Kurmi, ba ni da gidan tarihi irin Gidan Makama da zan kai yara. Kana da ranar kasuwa. Kana da maƙera da rugar Fulani da masunta, kana da 'yan ci-rani da ke tafiya bayan girbi su dawo da faɗuwar ruwa. Kana da gayya da adashi, waɗanda su ne haɗin kan da littafin ke ta ƙoƙarin bayyanawa. Ka gayyato sarkin noma ko sarkin pawa ya zauna minti ashirin yara su yi masa tambayoyin da suka shirya tun jiya, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ga wani darasin da nake ƙauna, na dogaron jama'a da juna. A sa yara su tambayi iyayensu mata nawa ake sayar da kwanon tumatir yanzu, nawa aka sayar da shi watanni shida da suka wuce, su zo da amsa. Me ya sa yake araha da sanyi, ya yi tsada da damina? Daga wannan tambaya za a bi tumatir zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, a bi ruwan da ke shayar da su ta magudanai har madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. A dawo a bi kwandunan zuwa Kwanar Gafan, a ɗora su a mota, a raka su har kasuwar Mile 12 ta Legas. Sai a tambaya, motocin da ke tahowa daga kudu me suke kawo mana? Goron da ake saukewa a Mariri, lemon Binuwai da ake saukewa a 'Yan Lemo, manjan da ke cikin miyar da aka ci jiya. Idan rikici ya tashi aka tare hanya kwana goma, wa zai yi asara? Yara da kansu za su lissafo manomi da direba da ɗan dako da dillali da matar Legas mai miya da mahaifiyarsu a nan. Cikin darasi ɗaya an taɓo labarin ƙasa, an taɓo tarihi da tattalin arziki da zaman lafiya, kuma dalilin haɗa fannonin wuri guda ke nan tun asali.

Ɓangaren gwamnati ma haka. Yana da kyau yaro ya san jihohi 36 ne, ƙananan hukumomi 774 ne, 44 daga ciki a jihar Kano. Amma ku tambaye shi, idan kwatar layinku ta toshe ko famfon unguwa ya lalace, wa za a gaya wa? Mai unguwa ko kansila? Mene ne aikin dagaci da hakimi, mene ne na shugaban ƙaramar hukuma, mene ne na ɗan majalisar jiha? Manya da yawa ba su bambance ba, shi ya sa ake zaɓen ɗan majalisa ana jiran ya raba shinkafa, ba a tambayarsa dokar da ya kawo. A sa aji su zaɓi matsala ɗaya ta kusa da makaranta, su binciko hukumar da ke da alhakinta, su rubuta wasiƙa cikin ladabi, shugaban makaranta ya duba ya sa hannu, a kai. Ko an amsa ko ba a amsa ba akwai abin tattaunawa. Shi ma monitan aji, maimakon malami ya nuna mafi girman jiki, a yi zaɓe da 'yan takara da ƙuri'ar sirri da ƙirga a gaban kowa, wanda ya faɗi ya tashi ya miƙa wa wanda ya ci hannu.

Masu saurare, za mu ɗan dakata, idan mun dawo za mu shiga ɓangaren da ya fi wuya.

[Gajeren kiɗa]

Barkanmu da dawowa. Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan koyar da Nazarin Zamantakewa a ƙaramar sakandare.

Na ce yaro yana zuwa da rabin darasin a kansa. To ba duk abin da ya zo da shi ne mai kyau ba. Yana zuwa da abin da ya ji a majalisar ƙofar gida cewa ƙabila kaza duk mayaudara ne, mutanen wuri kaza duk 'yan ta'adda ne. Yana zuwa da hoton da ya gani a wayar yayansa ta WhatsApp, an ce ga abin da aka yi wa mutanenmu a gari kaza jiya, alhali wataƙila hoton na wata ƙasa ne, na shekarun baya. Malamin da ya buɗe ƙofar magana a aji dole ya shirya wa wannan. Tsawa ba ta maganinsa, yaron zai yi shiru ne kawai ya fita da abinsa.

Abin da nake ba da shawara shi ne tambayoyi uku, a rubuta su a kwali a manna a bango, a riƙa komawa gare su duk shekara. Wa ya faɗa? Shi da ya faɗa, gani ya yi ko ji ya yi? Me ɗaya ɓangaren zai ce da yana nan? Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamanmu na zaure ba sa karɓar ruwaya sai sun tambayi wanda ya ruwaito ta da wanda ya ji daga gare shi, alƙali kuma ba ya yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Idan yaro ya fita daga aji uku da ɗabi'ar yin waɗannan tambayoyi kafin ya tura saƙo gaba ko ya ɗauki dutse, ni a wurina darasin ya biya, ko da ya manta ayyukan iyali guda biyar.

Tambaya ta uku ita ce mai wuyar koyarwa, kuma wasan kwaikwayo ya fi komai taimakawa a kanta. A ɗauki rikicin manomi da makiyayi. Yaro ɗaya manomi ne, shanu sun shiga gonarsa saura mako biyu girbi, ga bashin taki a wuyansa. Ɗaya makiyayi ne, ya dawo ya tarar an nome burtalin da kakanninsa ke bi, an kewaye mashaya. Ga dagaci, ga arɗo, ga shaidu. A bar su su yi shari'a. Idan an gama sai a juya, manomi ya koma makiyayi, makiyayi ya koma manomi, a sake. A zagaye na biyun nan ne ake samun abin da ake nema, domin yaron da ya tsaya ya kare hujjar da ɗazu yake zagi ba zai koma yadda yake ba. Sai dai a makarantar da ke da yaran da aka koro daga ƙauyukansu, ko waɗanda suka rasa iyaye a irin wannan fitina, kamar yadda ake samu a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, kada a yi wannan wasa. A nemi saɓani mai sauƙi, kamar rigimar layi a bakin famfo ko iyakar fili tsakanin maƙwabta. Malami ne ya san yaransa.

Kada kuma a tsaya ga rikici kawai, a nuna musu dabarun da kakanni suka bari na kashe wuta. Wasan taubasai tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Kanawa da Zagezagi, tsakanin Gobirawa da Yarbawa, tsakanin Fulani da Tibi, hanya ce ta mayar da tsohuwar gaba ko gasa abin dariya. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki abin da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Yara suna jin wannan wasa kullum a kasuwa da tasha, ba wanda ya taɓa gaya musu aikin da yake yi.

Batun shaye-shaye yana cikin manhaja, kuma ya kamata ya kasance. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi amfani da ƙwaya cikin shekara guda a Najeriya. A watan Mayun shekarar gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Yaran aji biyu sun san sholisho, sun san tiramol, sun san kangon da ake taruwa a unguwarsu, wasu ma aikensu ake yi su sayo. Jero musu illoli goma a allo ba zai ƙara musu komai ba. Abin da ba su iya ba shi ne yadda za su ce a'a ga aboki ko yayan unguwa ba tare da an kira su matsorata ba. Wannan a gwada shi a aji, biyu-biyu, ɗaya yana tayi ɗaya yana ƙi, har bakinsu ya saba. Kuma malami kada ya sa yaro ya ambaci sunan kowa a bainar aji, yana iya jawo masa duka a hanyar gida. Wanda ke da magana ya same shi a ofis, daga nan a san yadda za a haɗa da iyaye ko jami'an hukumar NDLEA.

Akwai abin da ya rage tsakanin malami da Allah. Kai ma ɗan wata ƙabila ne, kana da jam'iyyar da kake so, kana da ɗariƙa ko ƙungiyar da kake bi. Yaran nan amana ce, ba magoya baya aka tara maka ba. Ranar da ka yi wa wata ƙabila shaguɓe don aji su yi dariya, ka rushe aikin zango guda, kuma akwai yaro a layin baya da ya sunkuyar da kai wanda ba zai sake ɗaga hannu ba.

Na san abin da malamai ke faɗa yanzu a gindin rediyo. Malam, ka zo ka ga ajina, yara sun haura ɗari, rabinsu a ƙasa, littafi ɗaya ne kuma nawa ne, ga manhaja dole in gama, ga jarrabawar kammala aji uku tana tafe. Gaskiya ne duka. Akwai ma ƙarin matsala, a makarantu da yawa wannan ne darasin da ake miƙa wa duk malamin da jadawalinsa bai cika ba, wai ai kowa zai iya. Shugabannin makarantu, ku daina. Kwalejojin ilimi suna yaye masu NCE a wannan fanni, a nemo su, a ba su abinsu.

Babban aji ba ya hana tambaya. A raba yara rukuni-rukuni na goma, kowane rukuni da shugaba da marubuci, a riƙa sauya su, a ba kowa tambaya ɗaya da minti goma, sannan mutum ɗaya ya tashi ya faɗi abin da suka samu. A ajin da ke haɗe, a lura kada maza su cinye maganar, 'yan mata su ma a ba su shugabancin rukuni. Taswira ana iya zana ta a ƙasa a filin makaranta da tsinke da toka. Ba kowane darasi za a yi haka ba, lokaci ba zai isa ba, amma ko sau ɗaya a mako ya wadatar a ga canji. Fita waje kuwa sai da izinin shugaban makaranta da sanin iyaye, kuma inda hanya ba ta da aminci a haƙura, a kawo dattijon cikin aji.

Harshe ma a yi masa adalci. Jarrabawa da Turanci ake yi, saboda haka rubutun ƙarshe da muhimman kalmomi su kasance da Turanci. Amma yaron aji ɗaya da ka hana shi tattaunawa da Hausa ka hana shi tunani, domin bai mallaki Turancin da zai yi gardama da shi ba tukuna. A bar rukuni su yi muhawararsu da harshen da suka iya, sannan a taru a juya sakamakon zuwa Turanci a allo, jimla uku ko huɗu. Wannan rubutu nasu ne, za su tuna shi ranar jarrabawa fiye da shafi biyu da aka yi musu shifta. Makin gwajin cikin zango kuma, wanda ke hannun malami, a ware wani kaso a ba aikin bincike da wasiƙa da hira da dattijo, don yara su ga cewa abin yana da daraja a rajista.

Saura ku, iyaye. Idan ɗanku ya dawo ya ce an ce ya tambayi Baba yadda aka yi muka zauna a wannan unguwa, ko ya tambayi Inna farashin tumatir, kada a ce masa wannan wane irin karatu ne, je ka ɗauko littafi. Karatun ke nan. A zaunar da shi a ba shi amsa, idan ba a sani ba a tura shi wurin wanda ya sani. Idan ya zo da tambayar da ta yi nauyi, kamar me ya sa ba ma shiri da mutanen tsallaken titi, a auna amsar kafin a ba shi, domin gobe da ita zai shiga aji. Ranar taron iyaye da malamai kuma a je, a nemi malamin soshiyal, a tambaye shi ko akwai abin da yake buƙata, ko tsofaffin jaridu, ko kwali, ko wani mai sana'a a cikinku da zai ba da rabin awa ya zo ya amsa tambayoyin yara.

Lokaci ya cimmana. Malamin da ya gwada ɗaya daga cikin waɗannan darussa a ajinsa, muna son ya aiko mana da yadda ta kaya, abin da ya yiwu da abin da bai yiwu ba, za mu karanta a wannan fili. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a madadin waɗanda suka haɗa mana sauti, nake cewa ku huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]